Filin Kimiyya: Wa ke tsayar da ruwa idan tanki ya cika?



A Gaya da Ajingi da ƙauyukansu mun saba ganin tankunan rijiyar burtsatse a makarantu da bakin masallatai. Mun kuma saba ganin tanki ya cika yana ta ambaliya, alhali da rani yara na bin layi da jarkoki. Maganin wannan asara ɗan ƙaramin abu ne: bawul mai ƙwallo. Ƙwallon roba ne da ke yawo a saman ruwa, haɗe da sanda. Ruwa na hawa, ƙwallon na tashi, har sandar ta toshe bakin bututu. Da an ɗebi ruwa sai ya sauka, bakin ya buɗe. Inda injin ke turo ruwan kai tsaye, makunni ƙwallon ke motsawa ya kashe injin.

Mu lura da matakai uku a nan: a auna, a kwatanta da abin da ake so, a gyara. Sai kuma a koma a sake aunawa. Wannan zagaye na auna-da-gyara shi ne ƙashin bayan masana'antun zamani.

Janareta ma haka yake aiki. Idan muka jona dutsen guga, sai mu ji muryarsa ta sauka, nan da nan ta dawo daidai. Wata na'ura ce da makanikai ke kira gwamna ta ji gudun ya ragu, ta ƙara masa mai. Tun a 1788 James Watt ya sa irinta a injin tururi a Birtaniya.

A manyan masana'antu, na'urar awo ke aika wa kwamfuta zafi ko matsi ko yawan abin da ke bin bututu, ita kuma ta umarci bawul ya ƙara buɗewa ko ya rage. Ba a barin irin wannan bawul shi kaɗai. Akan sa masa makulli gaba da baya, da wani bututun ratse, domin in ya lalace a cire shi ba tare da aiki ya tsaya ba. Bututun iskar gas mai tsawon kilomita 614 da aka ƙaddamar da aikinsa a 2020, daga Ajakuta zuwa Kaduna da Kano, shi ma an tsara masa tashoshin bawul a kan hanya, don a iya datse sashen da ya samu matsala.

Babban abokin gaban wannan tsari shi ne jinkiri. Wanda ke surka ruwan wanka da hunturu, in bai jira ya gauraya ba kafin ya taɓa, sai ya yi ta ƙara na zafi da na sanyi har bokiti ya cika. Lissafin hana irin wannan kai-komo shi ne aikin injiniyoyi, kuma ana koyon injiniyanci a nan kusa, a Jami'ar Kimiyya da Fasaha ta Aliko Dangote da ke Wudil. Mabuɗin shiga kuwa lissafi ne da fiziks.

Tambayar mako: zafin jikinmu na zama kusan digiri 37 ko a watan Afrilu. Me ke aunawa, me ke gyarawa? Muna jiran amsoshinku.