Mawaƙa Dubu, Makaɗa Babu

Duk wanda ya tsaya ƙarƙashin gadar Ƙofar Nassarawa da la'asar sakaliya, lokacin da 'yan makaranta ke tururuwar komawa gida, zai ji waƙa na tashi daga kowace Adaidaita Sahu. Wannan Nura M. Inuwa, wancan Hamisu Breaker, na bayansa Ali Jita. Muryoyi daban-daban ne, kuma wasunsu akwai zaƙi, ba mu musa ba. To amma a kasa kunne ga abin da ke ƙarƙashin muryar. Kiɗa ɗaya ne, daga fiyano ɗaya, kamar uwa ɗaya ta haife su. Wannan ita ce maganar da muke so mu tayar wa 'yan'uwa marubuta a wannan fitowa, ko da za ta yi wa wasu ɗaci: birnin Kano ya tara mawaƙa fiye da ƙidaya, amma da wuya mu iya nuna ƙungiyar makaɗan zamani guda ɗaya wadda ta shekara goma tare, kowa riƙe da abin kiɗansa, aka san ta da sunanta.

Kada wani ya ce mana wai Bahaushe bai gaji haka ba. Marigayi Mamman Shata, wanda ya rasu a 1999, da makaɗan kalangunsa da 'yan amshinsa yake tafe, kuma sun san numfashinsa, in ya karya murya sun san inda zai faɗa. Musa Ɗanƙwairo da 'ya'yansa yake kiɗan kotso. Barmani Choge ƙungiyar mata gare ta da ƙwaryarsu. Ko Ɗanmaraya Jos da ake cewa shi kaɗai yake, ai da yatsunsa yake kaɗa kuntigi. Wato sana'a ce da ake koya shekara da shekaru, yaro ya ɗauki ganga ya bi ubangidansa har hannunsa ya faɗa. Da fiyanon Yamaha ta shigo sutudiyoyin Kano a shekarun 1990, tare da finafinan bidiyo, sai mutum ɗaya ya maye gurbin mutum goma. Arha gare ta, gaskiya ne. Amma arha ba ta ado.

Abin da ya fi ƙona mana rai shi ne, ga maƙwabtanmu nan a Nijar, ba wata uwa duniya ba. A Yamai akwai Tal National, wadda Almeida ya kafa a shekarar 2000, mutumin da alƙali ne da rana, makaɗin jita da dare. Suna waƙa da Hausa da Zabarmanci da Fulatanci da harshen Buzaye, kuma a 2013 wani kamfanin Ingila ya fitar da faifansu mai suna Kaani, daga nan suka zaga Turai da Amurka. Bombino na Agadas har jerin 'yan takarar kyautar Grammy ya shiga da faifansa Deran na 2018. Sai kuma Mdou Moctar, wanda labarinsa ya kamata ya hana mu barci. Yaro ne daga yankin Tawa da ya harhaɗa jitarsa ta farko da katako da wayar birkin keke. Faifansa na farko, Anar, a ina ya ɗauke shi? A Sakkwato, a 2008, da irin na'urar gyaran muryar nan ta waƙoƙin finafinanmu! Daga wajenmu ya ɗebi wuta. Amma bai tsaya nan ba, ya koma ya tara abokan kiɗa, mai ganga da mai jita ta biyu da mai babbar jita, suka yi ta bugawa a gidajen biki har suka zama tsintsiya maɗaurinki ɗaya. A 2021 suka fitar da Afrique Victime, duniya ta ji. Mu kuwa da muka ba shi aron na'urar, muna nan inda ya bar mu.

Me ya sa? Wasu za su ɗora wa Hukumar Tace Finafinai da aka kafa a 2001, su tuna mana yadda aka gurfanar da Aminu Ala a 2009 saboda waƙa. Akwai ƙamshin gaskiya a nan, domin tsoro ba ya haifar da fasaha. Amma babbar cutar tana aljihu. Mawaƙinmu na yau ba ga masu saurare yake neman abinci ba. Ko dai ɗan siyasa ya saye shi lokacin zaɓe, ko uwar amarya ta ba shi jerin sunayen dangi ya zuba a kan kiɗan da aka riga aka yi wa amare hamsin. Wanda zai shiga sutudiyo da hantsi ya fito da waƙa kafin azahar, me zai yi da makaɗa biyar da za a raba kuɗin da su? Ga shi babu dandalin da matashi zai tsaya gaban jama'a ya kaɗa, su ji kuskurensa, ya koma ya gyara.

Yanzu bari mu juyo da bulalar kanmu, don laifin ba na mawaƙa kaɗai ba ne. A tarukanmu na wata-wata, da an ambaci waƙar zamani sai ka ga an taɓe baki, wai ba adabi ba ce. Mu ɗin nan da aka kira littattafanmu adabin kasuwar Kano muka yi ta kumfar baki a jaridu, yau mu ne ke yi wa wasu irin wannan rainin. Shata sai da ya shekara bakwai a kabari kafin Ibrahim Sheme da abokan aikinsa su fitar da Shata Ikon Allah a 2006. Farfesa Sa'idu Muhammad Gusau ya yi iyakar ƙoƙarinsa a kan makaɗan gargajiya. Amma waye a cikinmu ya taɓa zama ya yi wa faifan wani mawaƙin zamani sharhi na tsakani da Allah, ya ce nan ka yi, nan ka kwafsa, wannan baitin cikon layi ne kawai? In ba kirari ba, to zagi. Alhali Ala kansa da rubutun ƙagaggun labarai ya fara, ɗan gida ne.

Mu da muke riƙe da alli muna ganin abin da idonmu. A wata makaranta da ke nan cikin ganuwa, akwai ɗalibin da kullum ake kamawa yana kiɗa a kan tebur da biro biyu, kuma wallahi hannun nan akwai baiwa. Abin da ya samu a wajenmu shi ne bulala da sharar aji. Da ya gama sai muka ji ya koma wata sutudiyo a titin Gidan Zu, yana danna wa masu waƙar biki maɓalli.

Don haka muna kira ga editan wannan mujalla da ya ware shafi biyu a kowace fitowa domin sharhin waƙoƙin zamani, kiɗansu da kalmominsu. Kuma a taronmu na gaba a gayyato mai gurmi da mai kalangu da mai jita, a zaunar da su da ɗaya daga mawaƙan sutudiyo, a kashe fiyano, mu ji abin da zai fito.