RAV4 Ko CR-V: Wacce Za Ka Ɗaure A Ƙofar Gida?

Yau ba labarin soyayya na zo muku da shi ba, maganar mota ce, kuma na san wasu za su ce me ya haɗa marubuci da gareji? To ai mu marubuta muna da hannu a wannan ciwon. Shekara da shekaru in za mu gabatar da jarumi a littafi sai mu ce ya fito daga wata dalleliyar jif baƙa wuluk, ƙamshin turare na tashi, amma ba mu taɓa faɗa wa mai karatu nawa yake zuba mata na fetur a sati ba, balle ranar da ta mace masa a tsakiyar titi. Ga shi yanzu duk wanda Allah Ya buɗa wa 'yar hanya, malami ne ko ɗan kasuwa ko hajiya mai saro atamfa, burinsa ya hau ƙaramar jif, kuma kusan kullum muhawarar a kan guda biyu take tsayawa, Toyota RAV4 da Honda CR-V.

Dukkansu 'yan Japan ne, kuma kusan sa'annin juna, don RAV4 ta fito a 1994, CR-V ta biyo bayanta a 1995. Abin da ya kamata mutum ya fara sani shi ne, sunan jif kawai muke ba su, amma a ƙira ƙananan motoci ne da aka ɗaga musu ƙafa. Ba Land Cruiser ba ce, ba Hilux ba ce. Za su haye maka ramukan unguwa da kwatamin damina, za su kai ka ƙauye a kan burji, amma wanda ya loda musu buhunan masara ya nufi cikin yashi da su, to ya shirya kuɗin shokazoba.

Bari in tsaya a kan waɗanda mai matsakaicin ƙarfi ya fi iya kaiwa gare su a 'yan tokumbo, wato RAV4 ƙirar 2006 zuwa 2012, da CR-V ƙirar 2007 zuwa 2011.

Ita CR-V gaskiya ta iya tarbar baƙo. Cikinta a tsare yake, zamanta a kan kwalta akwai daɗi, giyarta mai canza kanta hawa biyar ce, alhali RAV4 mai fulogi huɗu ta waɗannan shekarun hawa huɗu gare ta. Ƙofar but ɗinta sama take ɗagawa, safayar taya kuma tana ɓoye a ƙarƙashin but. RAV4 kuwa yawancinsu a bayan ƙofa suke goye da tayarsu, ƙofar kuma gefe take buɗewa, wanda duk ya taɓa ƙoƙarin sauke kaya a cunkoson Kantin Kwari da wata mota manne a bayansa ya san wahalar hakan. Sai dai CR-V tana da nata halin. An san ta da matsalar kwampireson na'urar sanyaya ciki, har kamfanin Honda ya ƙara wa'adin garanti a kan abin a Amurka, kuma mota babu sanyi a watan Afrilu a Kano ko Sakkwato ai tanda ce. Makullan ƙofofinta na lantarki su ma suna yawan ba da ciwon kai. Sannan ba ta son a yi mata ha'inci a man giya, nata na Honda take so, in kuma mai jan ƙafa huɗu ce, akwai wani mai na musamman da ake zuba wa akwatin ƙafafun baya, in aka bar shi ya tsufa sai ka ji tana gurnani duk sanda ka karya kwana.

RAV4 ba ta kai ta kwalliya ba, amma ta fi ta haƙuri da irin riƙon da muke yi wa mota. Amma fa a nan ne mutane da yawa ke faɗawa rami, don suna jin an ce Toyota sai su rufe ido. RAV4 ɗin nan inji uku gare ta. Akwai mai lita 2.4 na 2006 zuwa 2008, wanda ya yi ƙaurin suna wajen shan baƙin mai saboda matsalar fistin da ringi, har Toyota da kanta ta ɗauki nauyin gyara wa masu shi a Amurka. Akwai mai lita 2.5 da ya maye gurbinsa daga 2009, wanda ya fi shi lafiya nesa ba kusa ba. Sai kuma mai fulogi shida, lita 3.5, mai gudu kamar ya tashi sama, wanda samari ke mutuwa a kai. Kafin 29 ga Mayu 2023, lokacin da litar fetur ba ta kai naira 200 ba, ana iya yi wa mai fulogi shida uzuri. Amma daga ranar da Shugaba Tinubu ya ce tallafin mai ya tafi, lita ta haura 500 cikin kwanaki, a ƙarshen 2024 kuma ta wuce 1,000 a wurare da yawa. Motoci nawa ne aka lulluɓe da tamfol a ƙofar gida tun daga lokacin, mai su ya koma hawa adaidaita sahu?

To ni ra'ayina, kuma ba zan ɓoye ba, wanda samunsa yau akwai gobe babu, ya nemi RAV4 mai lita 2.5, daga 2009 zuwa 2012. Dalilina ba wai ta fi CR-V kyau ba ne. Dalilina shi ne ranar lalacewa da ranar sayarwa, don kowace mota tana da waɗannan ranaku biyu. Ranar lalacewa, in ka shiga Ƙofar Ruwa a Kano ko Panteka a Kaduna, kayan dukkansu za ka samu, amma in a kan hanyar ƙauye ta tsaya maka, bakaniken da za ka tarar a gindin bishiya ya fi sabawa da cikin Toyota. Ranar sayarwa kuwa, wato ranar da kuɗin makarantar yara ko asibiti ya taso babu shiri, Toyota ta fi saurin samun mai saye, kuma ba a karya mata farashi kamar yadda ake yi wa Honda. A wajen talaka mota ai asusu ce mai taya.

Na san masoya Honda za su ce na yi son kai, kuma suna da hujja. Wannan farin jinin na Toyota shi ya sa ake tsawwala mata kuɗi, har ta kai da kuɗin RAV4 da ta sha jiki kana iya samun CR-V mai tsafta. Injin CR-V mai lita 2.4 inji ne mai ƙarko in ana yi masa juyen mai a kan lokaci. Don haka wanda zirga-zirgarsa cikin gari ce, daga gida sai ofis sai kai yara makaranta, kuma yana da bakanike ɗaya da ya san Honda, wanda ba zai zuba mata kowane jan mai a giya ba, wallahi ba zan hana shi CR-V ba. Lafiyayyar CR-V ta fi gajiyayyar RAV4 sau goma.

Wannan ya kawo mu ga abin da ya fi sunan mota muhimmanci. Motocin nan fa mafi ƙuruciya a cikinsu ta haura shekara goma, ba ka san hannu nawa ta bi ba. Wasu haɗari suka yi a Amurka aka sayar da su a gwanjo, wasu ruwa ne ya shanye su, irin ambaliyar da guguwar Harvey ta jawo a 2017, aka wanke, aka fesa fenti, aka loda a jirgi. Kowace mota tana da lambar shasi mai haruffa da lambobi 17, kuma in daga Amurka ta fito ana iya bincika tarihinta da wannan lambar a intanet. Ka je da naka bakaniken, ban da wanda dillali ya kawo. Ku je da sassafe, a tayar da injin yana sanyi, ka tsaya a baya ka ga ko salansa na fitar da shuɗin hayaƙi. A ɗaga kafet a shinshina, a duba tsatsa a ƙarƙashin kujeru. A leƙa a ga ko an sace abin nan na cikin salansa da makanikai ke kira indomi. A jona na'ura a karanta kwamfutar motar, don akwai masu kashe fitilar gargaɗi da gangan. Sannan takardun kwastan, tun da gwamnati ta hana shigo da motoci ta iyakokin ƙasa a farkon 2017, mota 'yar Kwatano mai takardun bogi tana iya kwana a hannun jami'ai, kai kuma ka dawo gida a motar haya.

Abu na ƙarshe, kada ka zuba duk abin da ka tara a kan sayen. Ka rage na juyen mai, da taya, da batir, da abin da ba a rasa ba, don tokumbo ba ta shiga gida ba tare da ta nemi wani abu ba. In kuma sai ka ci bashi ko ka sayar da filin gado kafin ka kai ga jif, to Corolla ba abin kunya ba ce. Masu yi maka barka ranar da ka shigo da ita unguwa, ba za ka ga ko ɗaya daga cikinsu a gidan mai ba.

Allah Ya ba mu abin hawa mai albarka, Ya tsare mu da sharrin ƙarfe, amin.