Kafin Mu Sayi Kyamara, Mu Fara Neman Jakarta



Kullum muna cewa gani ya kori ji, amma da yawanmu daga kan katifa muke rubuta labarin ƙauye. Wanda ke son siffanta cirar auduga a gonakin Funtuwa, ko dahuwar mazarƙwaila a Ɗanja, ko hada-hadar masara a kasuwar Ɗandume, sai ya je da ƙafarsa, ya ɗauko hoton da zai riƙa dubawa lokacin rubutu. Tun da aka cire tallafin mai a watan Mayun 2023, keke ya zama abokin irin wannan tafiya.

Ra'ayinmu shi ne, duk wanda bai tanadi jaka ba, bai shirya mallakar kyamara ba. Sai mutum ya yi shekara yana adashi ya saye ta, sannan ya jefa ta cikin leda ya ɗaure a kariya da roba.

Kariya ba ta da tausayi. Duk gargadar da taya ta taka, kai tsaye take isa ga gilashin kyamara, har ƙananan sassan cikinsa su kwance. Jakar goyo ta fi, domin jikin mutum yana shanye girgiza. A nemi mai maɗaurin ƙugu, wadda ba ta lilo. Ta rataye a kafaɗa ɗaya kan zamo gaba ta doki gwiwa, ta iya kayar da mutum.

Sai yanayi. Daga Nuwamba zuwa Fabrairu ƙurar hunturu ba ta barin ko da ƙaramar kafa, don haka zif ɗin ya kasance mai marfi a kansa. A watan Agusta kuwa, hadari kan tare mutum tsakanin Bakori da Malumfashi babu wurin fakewa. Leda mai kauri a cikin jakar ta wadatar. 'Yan ƙullin nan masu tsotse danshi da ake samu a kwalin sabon takalmi, a jefa biyu ciki.

Wani zai ce jakar kamfani ta fi ƙarfin aljihunmu. Gaskiya ne. To, a sayi jakar makaranta mai ƙwari wurin 'yan gwanjo, a kai wa tela ya ɗinka mata soso mai kaurin yatsa ciki, da shamaki tsakanin kyamara da batir.

Abin da ya fi duka muhimmanci shi ne kamannin jakar. Mun san halin da Faskari, Sabuwa da Ƙanƙara suka shiga saboda 'yan bindiga. Baƙon da ya shigo gari da jaka mai launin kakin soja, ko mai babban tambarin Canon, yana ɗaukar hotuna, ana iya yi masa kallon infoma, kuma zargin nan ba wasa ba ne. Jakarmu ta zama irin ta kowa. Mu fara gaida mai unguwa, mu faɗi abin da ya kawo mu, mu nemi izini kafin mu ɗauki kowa. Inda aka ce kada a bi, kada mu bi. Babu labarin da ya kai rai.

In za mu juyo gida, mu cire memori mu sa a aljihun riga. Ko jaka ta salwanta, aikin yini yana nan.

Allah Ya tsare hanya, Ya yi wa alƙalumanmu albarka.