Wa ke biyan harajin Trump? Muhawarar da ta ƙi ci ta ƙi cinyewa a New York

A ranar 14 ga watan Nuwamban 2025, Shugaban Amurka Donald Trump ya sa hannu kan wani umarni da ya cire naman shanu da gahawa da ayaba da tumatir da koko da wasu kayan abinci daga jerin kayayyakin da ya ƙaƙaba wa sabon harajin shigowa. Matakin ya zo ne kwana goma bayan Zohran Mamdani ya lashe zaɓen magajin garin New York bisa alƙawarin rage wa jama'a raɗaɗin tsadar rayuwa, kwana tara kuma bayan Kotun Ƙolin ƙasar ta saurari ƙarar da ke neman rusa mafi yawan harajin.

Fadar White House ta danganta sassaucin da ci gaban da aka samu a tattaunawar ciniki da wasu ƙasashe, da kuma kasancewar Amurka ba ta noma wasu daga cikin kayan. 'Yan adawa kuwa tambaya ɗaya suka yi: in da gaske ƙasashen waje ne ke biyan harajin, kamar yadda shugaban ya daɗe yana faɗa, ta yaya cire shi zai sauko da farashi a kantunan Amurka?

Babu inda wannan muhawara ta fi fitowa fili kamar New York. A nan ne tashar jiragen ruwa mafi girma a gaɓar gabashin ƙasar take, wadda birnin ke tarayya da jihar New Jersey a kanta. A nan kasuwar hannayen jari ta Wall Street take, da kotun da ta fara yanke hukunci kan harajin, da kuma dubban 'yan kasuwar Afirka ta Yamma da abincinsu ya rataya kan kwantenar da ke tahowa daga ƙetare.

Yadda aka faro

A ranar 2 ga Afrilu ne Mista Trump ya sanar da harajin kashi 10 cikin 100 kan kusan duk kayan da ke shiga Amurka, tare da ƙari mai yawa kan ƙasashe da dama. An yanka wa Najeriya kashi 14, Tarayyar Turai kashi 20, Lesotho kuma kashi 50. Hujjarsa ita ce giɓin cinikin kaya da ya kai kusan dala tiriliyan 1.2 a 2024, wanda ya ayyana a matsayin lamarin gaggawa na ƙasa.

Cikin kwana biyu ma'aunin hannayen jari na S&P 500 ya faɗi da fiye da kashi 10. Manyan attajiran birnin irin su Jamie Dimon, shugaban bankin JPMorgan Chase, da Bill Ackman, wanda ya mara wa Trump baya a zaɓe, suka fito suna gargaɗi kan haɗarin durƙushewar tattalin arziki. Da girgizar ta kai ga kasuwar takardun lamunin gwamnati, sai shugaban ya dakatar da ƙarin na kwana 90 a ranar 9 ga Afrilu, ban da na Chaina, wanda ya kai kashi 145 kafin ɓangarorin biyu su sassauta a Geneva cikin watan Mayu.

Sabon jadawali ya fara aiki a ranar 7 ga Agusta. Najeriya da Ghana da Kamaru da Chadi suka koma kashi 15, Afirka ta Kudu kashi 30, Brazil da Indiya kuma suka kai kashi 50 kafin ƙarshen watan. Ƙarafa da sanholo na da nasu harajin daban na kashi 50. Cibiyar nazarin kasafi ta Jami'ar Yale ta ƙiyasta cewa matsakaicin harajin shigowa, wanda bai kai kashi 3 ba a farkon shekara, ya haura kashi 16, adadin da rabon Amurka da ganin irinsa tun shekarun 1930.

Aljihun wa ake taɓawa?

A ƙa'ida, wanda ya shigo da kaya ne ke biya. Idan kwantena ta iso tashar Newark, hukumar kwastam ta Amurka ba ta aika wa gwamnatin ƙasar da kayan suka fito takardar biya. Kamfanin Amurka ko ɗan kasuwar da sunansa ke kan takardun ne zai sauke nauyin. Ga misali: wanda ya yi odar tufafi na dala 20,000 daga ƙasar da aka ɗora wa kashi 15, zai nemi ƙarin dala 3,000 kafin a sakar masa kayansa. Daga nan zaɓinsa uku ne: ya matsa wa wanda ya sayar masa ya rage farashi, ya haƙura da wani ɓangare na ribarsa, ko ya ƙara wa mai saye kuɗi.

Reshen New York na Babban Bankin Amurka ya tambayi kamfanonin yankin a watan Mayu, inda kusan uku cikin huɗu na waɗanda harajin ya shafa suka ce sun ɗora wa masu saye aƙalla wani ɓangare na ƙarin. Wannan ya dace da binciken da Mary Amiti ta bankin ta yi tare da Stephen Redding da David Weinstein kan harajin 2018, wanda ya gano cewa kusan dukan nauyin a kan Amurkawa ya sauka.

Sai dai hauhawar farashi ba ta yi tashin gwauron zabon da wasu suka yi hasashe ba. Daga kashi 2.3 a Afrilu ta kai kashi 3 a Satumba. Masana na danganta hakan da kayan da kamfanoni suka jibge kafin harajin ya fara aiki, da yawan keɓe wasu kayayyaki, da kuma tsoron korar masu saye. Inda abin ya fi ciwo shi ne kayan masarufi. Gahawa ta ƙara kusan kashi 19 cikin shekara guda, kodayake fari a Brazil da Vietnam ma ya taka rawa.

Hujjar magoya baya

Masu goyon bayan harajin na da abin nunawa. Baitulmalin Amurka ya tara kusan dala biliyan 195 daga kuɗin fito a shekarar kasafin da ta ƙare a Satumba, alhali a wadda ta gabata kimanin biliyan 77 aka samu. Japan da Tarayyar Turai da Koriya ta Kudu sun amince da harajin kashi 15 tare da alƙawarin zuba jari ko sayen kayan Amurka. Kasuwar hannayen jari ta farfaɗo har ta kafa sabon tarihi. Shawn Fain, shugaban ƙungiyar ma'aikatan kamfanonin motoci, wanda ya yaƙi Trump a zaɓe, ya goyi bayan harajin motoci.

Suna kuma dogaro da tarihin birnin kansa. A New York, lokacin tana fadar gwamnati, George Washington ya sa hannu kan dokar kuɗin fito ta farko a ranar 4 ga Yulin 1789. Alexander Hamilton, sakataren baitulmali na farko, wanda kabarinsa ke cocin Trinity a bakin Wall Street, shi ya rubuta rahoton 1791 da ya nemi a tallafa wa jariran masana'antu. Kafin a kafa harajin samun kuɗi a 1913, kuɗin fito na cikin manyan ginshiƙan baitulmali, kuma tashar New York ce ke kawo kaso mafi tsoka.

Masu suka na mayar da martani da nasu tarihin: dokar Smoot-Hawley ta 1930, wadda masana tattalin arziki fiye da 1,000 suka roƙi Shugaba Herbert Hoover kada ya sa mata hannu, ta jawo ramuwar gayya daga abokan ciniki a tsakiyar babban karyewar tattalin arziki. Suna kuma tuna harajin injin wanki na 2018, wanda bincike ya nuna ya ƙara farashi da kusan kashi 12, kowane gurbin aiki da ya samar kuma ya ci wa masu saye kimanin dala 815,000. A 2025 ma, ƙididdigar gwamnati ta nuna guraben aiki a masana'antu raguwa suka yi bayan Afrilu, domin masana'antu da yawa na dogaro da ƙarfe da kayan gyara na waje.

Daga Harlem zuwa Bronx

Tun shekarun 1980 da 1990 'yan kasuwa daga Senegal da Mali da Nijar, cikinsu har da Hausawa da Zabarmawa, suka kafu a Harlem. Bayan gwamnatin Rudy Giuliani ta tashe su daga titi na 125 a 1994, da yawa suka koma kasuwar Malcolm Shabazz da ke titi na 116. A Bronx kuma akwai shagunan 'yan Ghana da Gambiya da Guinea da Najeriya masu sayar da garin rogo da manja da busasshen kifi da atamfa da shadda.

Irin waɗannan 'yan kasuwa sun fi manyan kantuna shiga tsaka mai wuya. Ba su da jarin tara kayan wata shida, ba su da lauyoyin neman keɓewa, masu sayensu kuma galibi direbobi ne da masu aikin jinya da masu kai saƙon abinci, waɗanda kuɗin haya ya riga ya cinye rabin albashin da yawansu. Bugu da ƙari, kaya da dama da ake kira na Afirka, kamar atamfa mai sauƙin kuɗi da gashin kitso, a Chaina ake yin su.

Akwai kuma batun ƙananan saƙonni. Daga 29 ga Agusta aka soke sassaucin da ke barin kayan da ba su kai dala 800 ba su shiga ba tare da haraji ba. Hukumar gidan waya ta Najeriya ta sanar da cajin dala 80 kan ƙunshin kayan da za a aika Amurka, ban da wasiƙu da takardu. Telan Kano ko mai turaren wuta da ke samun oda ta Instagram ya wayi gari kuɗin fito na neman kamo kuɗin kayan.

Kotu da akwatin zaɓe

Wani ƙaramin kamfanin shigo da barasa na New York mai suna V.O.S. Selections, tare da wasu ƙananan kamfanoni huɗu, shi ya kai ƙara Kotun Cinikin Ƙasa da Ƙasa da ke Manhattan. Jihohi 12, ciki har da New York, suka shigar da tasu. A ranar 28 ga Mayu alƙalai uku suka yi ittifaƙi cewa dokar ikon gaggawa ta 1977 da shugaban ya dogara da ita ba ta ba shi wannan hurumi ba. Kotun ɗaukaka ƙara ta tabbatar da hakan a ranar 29 ga Agusta da rinjayen bakwai da huɗu, amma aka bar harajin na aiki.

A zaman Kotun Ƙoli na 5 ga Nuwamba, lauyan gwamnati John Sauer ya kafe cewa manufar harajin ita ce tsara ciniki da ƙasashen waje, kuɗin da ake samu kuwa tsintuwa ce. Babban Alƙali John Roberts ya nuna cewa ɗora wa Amurkawa haraji tun asali ikon majalisa ne. A lokacin ana hasashen cewa idan gwamnati ta faɗi, za a shiga rigimar mayar da biliyoyin daloli, kodayake akwai wasu dokokin 1962 da 1974 da shugaban zai iya komawa gare su.

A majalisar dattawa, 'yan Republican kaɗan irin su Rand Paul da Mitch McConnell sun haɗa kai da 'yan Democrat a ƙarshen Oktoba wajen kaɗa ƙuri'ar adawa da harajin, sai dai ƙudurorin sun maƙale a majalisar wakilai. Su ma 'yan Democrat, waɗanda jagororinsu a majalisun biyu, Chuck Schumer da Hakeem Jeffries, 'yan Brooklyn ne, ba su da bakin cewa komai kai tsaye, domin Joe Biden ya riƙe harajin Trump na farko kan Chaina, har ya kai na motocin lantarki kashi 100. Mamdani ba shi da iko kan kuɗin fito, amma nasararsa da ta 'yan jam'iyyarsa a New Jersey da Virginia ta nuna cewa jiki magayi ne, kuma farashin cefane zai bi jam'iyya mai mulki har zaɓen tsakiyar wa'adi na Nuwamban 2026.

Rabon Afirka

Najeriya ta tsira daga mafi munin illar, domin ɗanyen mai ba ya cikin harajin, kuma ministar ciniki Jumoke Oduwole ta ce sama da kashi 90 na abin da ƙasar ke sayar wa Amurka mai ne da dangoginsa. Asarar ta faɗa kan ɗan abin da ya rage, wato kayan gona da na sana'ar hannu da ake fatan su rage dogaro da mai. Yarjejeniyar AGOA, wadda tun 2000 ke bai wa kayan Afirka damar shiga ba haraji, wa'adinta ya cika a ranar 30 ga Satumban 2025 ba tare da an sabunta ta a lokacin ba. Nijar dama an cire ta tun Janairun 2024. Ita kuwa Chaina ta sanar a watan Yuni cewa za ta soke haraji kan kayan ƙasashen Afirka 53.

Mutanen Jibiya da Maraɗi ba baƙi ba ne ga irin wannan lissafi. Rufe iyakokin Najeriya daga Agustan 2019 zuwa Disamban 2020 ya haɓaka masana'antun gyaran shinkafa, ya kuma tsawwala farashin buhu ga talaka. Abin da Amurkawa ke jira su gani shi ne ko sababbin masana'antun da aka yi musu alƙawari za su tashi kafin haƙurinsu kan farashi ya ƙare. A ƙarshen 2025 ana jiran Kotun Ƙoli ta fayyace wanda ke da ikon sa haraji, amma ko harajin ya biya kuɗin sabulu, an bar wa masu zaɓe su yanke a Nuwamban 2026.