Daga Mafoni zuwa Thiepval: abin da rayuwar Janar Morland ke faɗa wa masu tsara tsaron Borno

Duk lokacin da aka tayar da zancen haɗin gwiwar tsaro tsakanin Najeriya da Birtaniya, wanda aka ƙulla a Abuja a watan Agustan 2018 yayin ziyarar Firaminista Theresa May, hankali kan tafi ga horo da kayan yaƙi. Ba safai ake tuna cewa wani hafsan Birtaniya ya taɓa shiga Borno da runduna ba, shekaru fiye da 120 da suka shuɗe, kuma tarihin aikinsa na ɗauke da darasin da ya shafi manomin Dusuman na yau.

An haifi Thomas Morland a Montreal ta ƙasar Kanada a 1865, ya shiga sojan Birtaniya a 1884. A 1898 ya koma rundunar da Turawa suka kafa don mamaye Afirka ta Yamma, wadda akasarin dakarunta Hausawa ne da Yarabawa. Shi ya jagoranci yaƙin Yola a 1901, inda kibiya ta same shi.

A farkon 1902 Lugard ya tura shi Borno. Ƙasar a lokacin ta jigata. Faransawa sun kashe Rabe a Kusuri a 1900, suka bi ɗansa Fadlallah har Gujba suka kashe shi a 1901, sannan suka ɗora wa Shehu Abubakar Garbai, wanda ke zaune a Dikwa, tara mai nauyi. Morland ya bi ta Bauchi, ya gwabza da Malam Jibril Gaini, ya wuce Gujba, ya isa Mafoni, wadda yau unguwa ce a cikin Maiduguri. Abin lura shi ne, Borno kanta ba da faɗa ya same ta ba. Ya jawo Shehu Garbai ya baro Dikwa ya dawo ɓangaren Ingilishi, kuma da Shehu ya amince, jama'a suka bi. Daga wannan sulhu ne aka kai ga kafa Yerwa a 1907.

Shekara guda bayan zuwansa Borno, Morland ya ci Kano ranar 3 ga Fabrairun 1903, Sarki Alu yana Sakkwato, sannan ya shiga yaƙin Sakkwato ranar 15 ga Maris. Sarkin Musulmi Attahiru ya yi hijira, ya rasu a Burmi a watan Yuli. Wannan mamaya ce, kuma jinin kakanninmu ne ya zama matakalar girmansa: a 1905 ya zama Sufeto Janar na rundunar baki ɗaya.

Yaƙin Duniya na Ɗaya ne ya auna shi da wani ma'auni dabam. Ranar 1 ga Yulin 1916, ranar farko ta yaƙin Somme a Faransa, yana riƙe da babbar runduna a gaban ƙauyen Thiepval. Dakarun Ulster da ke ƙarƙashinsa suka keta layin Jamusawa, suka kama wata ganuwa mai ƙarfi. Shi kuwa yana can baya a kan bishiya yana hangen fage. Ɗaukin da ya kamata ya isa gare su bai isa da wuri ba, suka rasa wurin kafin gari ya waye. A wannan rana kaɗai Birtaniya ta yi asarar mutum 57,470 tsakanin matattu da raunana da waɗanda suka ɓace. Duk da haka girma bai daina zuwa masa ba: ya shugabanci sojojin Birtaniya a yankin Rhine na Jamus daga 1920 zuwa 1922, sannan Aldershot, ya mutu a 1925.

Me ya haɗa wannan da Dusuman, mazaɓar da ke ƙaramar hukumar Jere a gefen Maiduguri? Abu biyu.

Na farko, kama wuri dabam, riƙe shi dabam. Tun kafa Runduna ta 7 a Maiduguri a 2013, sojojin Najeriya sun ƙwato garuruwa da dama daga hannun Boko Haram, irin su Bama da Gwoza a 2015. Amma a 2019 aka tattara dakaru cikin manyan sansanoni, karkara ta zama fili. Ranar 28 ga Nuwamban 2020 aka yi wa manoman shinkafa na Zabarmari, maƙwabtan Dusuman a Jere, yankan rago a gonakin Koshobe, aka binne aƙalla 43 washegari. Nisan wurin da barikin Maimalari ba wani mai yawa ba ne. Kamar a Thiepval, ƙarfin yana nan, isarsa a kan lokaci ce ta gagara.

Na biyu, abin da ya ɗore daga aikin Morland a Borno shi ne yarjejeniyarsa da masu riƙe da amanar jama'a. Bature ɗan mamaya ya gane cewa ba a mulkin Borno sai da Shehu da lawanai da bulamai. Bai kamata gwamnatin ƴan ƙasa ta kasa gane hakan ba. Bulaman ƙauye ne ya san baƙon da ya kwana, kuma ba zai buɗe baki ba sai ya tabbata za a kare shi bayan ya yi magana.

Ga ma'aikatan Ma'aikatar Tsaro da hadiman da ke rubuta wa iyayen gidansu bayanai, akwai gargaɗi a nan. Takardar aikin Morland cike take da muƙamai da lambobin yabo, babu inda ta nuna waɗanda suka jira ɗauki har dare. Idan ma'aunin ƙarin girma a rundunar Haɗin Kai ya tsaya ga yawan garuruwan da aka kama da makaman da aka ƙwace, za mu samu janar-janar masu kyakkyawar takarda da manoma masu tsoron gona. Ya dace a ƙara wasu tambayoyi cikin rahoton kowane kwamanda: gona nawa aka noma a yankinsa bana, kuma minti nawa ɗauki ke ɗauka kafin ya isa Dusuman idan an kira? Hausawa kan ce gani ya kori ji. Wanda ke kan bishiya kuwa, hayaƙi kawai yake gani.