Zanen da ɗalibai ke haddacewa, cutar da iyaye ke gani

Duk wanda ya zauna jarrabawar WAEC ko NECO a fannin kimiyya ya san zanen nan: wani ɗan dunƙule mai rassa, da dogon zare ya fito daga gefensa. Malam ya zana a allo, ɗalibi ya kwafa, ya haddace sunayen sassan, ya juye a takarda, a ba shi maki. Da an fito daga ɗakin jarrabawa, shi ke nan an rabu. Abin yana damuna, domin a cikin zanen nan akwai bayanin cututtukan da muke gani a unguwanninmu, amma da wuya ka ji malamin da ya haɗa wa yaro wannan da wancan.

Abin da ake zanawa ƙwayar jijiyar saƙo ce, wadda masana ke kira niyuron. Ƙwaƙwalwar mutum na ɗauke da kusan biliyan 86, bisa ƙidayar da Suzana Herculano-Houzel ta ƙasar Brazil da abokan aikinta suka fitar a 2009. Ba a iya ganin siffarta sosai ba sai da Camillo Golgi, ɗan Italiya, ya gano wani rini na azurfa a 1873. Da rinin nan Santiago Ramón y Cajal na Sifen ya nuna cewa ƙwayoyin a rabe suke, akwai ɗan gibi tsakanin kowace da maƙwabciyarta. Golgi kuwa ya ce atafau a ɗinke suke, kuma har ranar da aka raba musu kyautar Nobel a 1906 yana kan bakansa. Cajal ne ke da gaskiya.

Dunƙulen nan shi ne gangar jikin ƙwayar. A cikinsa cibiya take, mai riƙe da bayanan gado, kewaye da ita kuma ga wuraren ƙera furotin da masu samar da kuzari. Rassan su ke karɓar saƙo daga wasu ƙwayoyin. Dogon zaren, wato akson, shi ke fita da saƙon, kuma da yawa daga cikin zarurrukan na naɗe da rigar kitse mai suna mayalin. Zare mai kaurin riga na iya gudar da saƙo har mita 120 a daƙiƙa ɗaya, marar riga kuwa bai cika wuce mita 2 ba.

To, ga inda ya kamata malam ya tsaya ya ja hankalin ɗalibai. Ƙwayar da ke motsa babban yatsan ƙafarka, gangarta na zaune ne a cikin laka, can ƙasan gadon baya. Faɗinta bai wuce kashi ɗaya cikin goma na milimita ba, amma zarenta ya kai kusan mita guda. Galibin abin da zaren ke buƙata a ganga ake ƙera shi, a ɗora shi kan wasu siraran bututu da ke cikin zaren, a yi ta turawa har ƙarshe, wasu kayan kuma a dawo da su. Kamar dai uwargida ce ke girki a gida, yara na kai wa masu aiki a gona mai nisa suna dawo da kwanuka. Idan hanya ce ta yanke, ana iya gyara ta: zaren hannu ko na ƙafa da ya tsinke yakan sake tsirowa, kimanin milimita ɗaya a rana. Idan gangar ce ta mutu, zance ya ƙare, domin irin waɗannan ƙwayoyi ba sa rabuwa su haifi wasu kamar na fata ko na jini.

Ta fuskar aiki, iri uku ne. Akwai masu kawo labari daga fata da ido da kunne zuwa laka da ƙwaƙwalwa, akwai masu kai umarni ga tsoka, sai masu haɗa tsakani, waɗanda su ne mafi yawa nesa ba kusa ba.

Yanzu dubi yaron da shan-inna ya taɓa. Ƙafar ta motse, ba ya iya ɗaga ta, amma ka mintsine ta ka ji ihu. Dalili shi ne ƙwayar cutar tana zaɓar gangar ƙwayoyin umarni da ke gaban laka ta kashe su, ta bar masu kawo labari lafiya lau. Kusan mutum ɗaya cikin 200 da suka kamu ne ke samun shanyewar da ba ta warkewa, kuma babu allura ko saiwar da za ta tayar da gangar da ta mutu. Da an san wannan a kowane gida, ina jin da muhawarar da ta sa Kano ta dakatar da rigakafi a 2003 ba ta yi tsawon da ta yi ba. An ga shan-innan daji na ƙarshe a Najeriya a Borno a 2016, aka ayyana Afirka ta rabu da shi a watan Agustan 2020, amma har yanzu ana samun wani nau'insa a wuraren da yara da yawa ba su karɓi ɗigon ba.

Kuturta kuwa jijiyoyin hannu da ƙafa da fuska take bi, ta shiga ƙwayoyin da ke naɗe zaren, kuma ji ne yakan fara gushewa. Mace ta sauke tukunya daga murhu da hannu ba ta ji zafi ba, manomi ya taka ƙaya ya wuni da ita a tafin ƙafa. Raunin ya ruɓe, ya sake ruɓewa, da haka yatsu ke tafiya. Maganinta kyauta ne ta hannun Hukumar Lafiya ta Duniya tun 1995, kuma wanda ya je asibiti tun yana ganin ɗan tabo mai haske a fata, wanda ba ya jin taɓawa, zai iya tsira da yatsunsa goma.

Cizon mahaukacin kare ya fi ban tsoro, don cutar na bin hanyar jigilar nan ce ta cikin zare, tana hawa sannu a hankali zuwa ƙwaƙwalwa. Shi ya sa takan ɗauki wata biyu zuwa uku kafin ta bayyana, shi ya sa kuma cizo a fuska ko wuya ya fi na ƙafa gaggawa. Wannan jinkirin shi ne damar da mutum ke da ita: a wanke wurin da ruwa da sabulu na minti 15, a garzaya a yi allura. Da alamu sun bayyana, kusan ba a tsira.

Ban ce kowane uba ya zama likita ba. Ina dai ganin asara ce a ɓata darasi guda ana haddar sunaye, alhali a cikin ajin akwai yaron da ƙaninsa ke jan ƙafa. Malaman kimiyya, idan kun zo wannan babi, ku kawo waɗannan cututtuka uku cikin darasin, ku yi bayaninsu da Hausa ko da na minti goma ne. Gidajen rediyonmu da ke da filin lafiya su ma su ware masa mako guda. Kai kuma mai karatu, idan masu ɗigon rigakafi suka yi sallama a ƙofar gidanka, ka fito da yaran duka.