Malbaza Izin: in hayaƙi ya ɗauke, me zai riƙe garin?

Jama'a na gida da na waje, sunan garin ma ya faɗi tarihinsa: Malbaza Izin. A 1966, zamanin Diori Hamani, kamfanin gwamnati SNC ya fara toya siminti a nan, saboda farar ƙasar da Allah ya hore wa yankin. Ma'aikata suka zo daga ko'ina, masu tuwo da teloli da direbobi suka bi su, gari ya kafu. A 1998 aka sayar da kamfanin ga 'yan kasuwa. Tsohon izin ɗin, mai fitar da kimanin tan 40,000 a shekara, ya tsufa har aka gina sabo a zamanin Issoufou Mahamadou, mai ƙarfin tan 650,000.

To, abin da ke damunmu shi ne garin da ya dogara ga ƙofa ɗaya. Mun ga Akokan, kusa da Arlit. Ranar 31 ga Maris 2021 kamfanin COMINAK ya rufe ramin uraniyom, ma'aikata kimanin 600 suka rasa aiki, ban da 'yan kwangila. Mun kuma ga Kakuri a Kaduna: masaƙar KTL da aka buɗe a 1957 ta tsaya a 2002, ta bar iyalai suna bin haƙƙinsu shekara da shekaru. Ran da albashi ya tsaya, mai kanti ba ya samun biyan bashi, mai gidan haya ba ya samun ɗan haya, yara su bar lakwal.

Ba fata muke ba. Sai dai siminti sana'a ce mai cin wuta da gawayi, ga kuma simintin Najeriya na jira a bakin iyaka. Bayan juyin mulkin Yulin 2023, da aka rufe iyakar Ƙonni aka yanke wutar da ke zuwa daga Najeriya, kowa ya ga yadda abin da ba a hannunmu yake ba ke iya tsayar da inji.

Bambancinmu da Akokan, mu muna da ƙasar noma. Albasar Galmi a gundumar Malbaza take, ga gandun noman rani na Ƙonni. Shi ya sa muke cewa magadan gari su fito su faɗa mana nawa izin ke biya na haraji, nawa kuma ke shiga rijiyoyin fadama da rumbunan ajiyar albasa, wadda ke ruɓewa a hannun manomi kafin farashi ya tashi.

Ku kuma 'yan uwa na Abijan, Kamaru da Libiya, in za ku aiko da kuɗi, kar duka su tafi ga ɗakunan haya. Ku sa wani abu a injin ban ruwa da garka. Ɗakin haya sai da ma'aikaci yake kawo kuɗi, garka kuwa tana ciyar da gida ko izin na aiki ko ya tsaya.